Wa ya ɗaura maka igiyar?

1/
Ranar Asabar ɗin da ta wuce na kama ɗan yayata da wani laifi da ban san sunansa a shari'a ba. Yaron nan kemis ya je ya sayo farar filasta, ya naɗa wa ɗamararsa ta wasan kokawar zamani igiya biyu, ya ɗau hoto ya ɗora a WhatsApp. Malaminsa kuwa ko ɗaya bai ba shi ba.

Dalilin wannan zaren ke nan. Zai yi tsawo, ku gyara zama.

2/
Shekararsa 17, a nan cikin gari muke. Wata takwas ke nan yana zuwa wani ɗan ƙaramin kulob can wajen Ƙofar Mata. Malaminsu ɗan judo ne da ya ƙaro jiu-jitsu irin na Burazil. Abokinsa da suka fara rana ɗaya an ɗaura masa igiya, shi shiru.

Na ce, "Kai, wa ya ba ka wannan?"
Ya ce, "Kawu, ai na cancanta, mantawa aka yi da ni."

3/
Ga wanda bai san harkar ba. A jiu-jitsu manya suna da ɗamara biyar: fara, shuɗiya, shunayya, ruwan ƙasa, baƙa. A bakin kowace ɗamara akwai wani ɗan baƙin ƙyalle da aka ɗinka, tsawonsa kamar santimita 10. A kansa malami yake naɗa 'yar farar filasta, ɗaya bayan ɗaya, har huɗu, kafin a canja maka launi.

Igiya nake ce mata saboda ta soja. Las kofur igiya ɗaya, kofur biyu, saje uku. Masu tunanin igiyar aure ku dawo, ba can muka nufa ba.

4/
Me ya sa ake buƙatarta? Saboda tafiyar da nisa. Ƙungiyar IBJJF, wadda ta fi kowace girma a wasan, ba ta yarda a ba ka shuɗiya ba sai ka kai shekara 16. A ƙa'idarta ta yau da kullum sai ka yi aƙalla shekara biyu a shuɗiya, shekara ɗaya da rabi a shunayya, shekara ɗaya a ruwan ƙasa. Wannan mafi ƙaranci ke nan fa. Yawancin mutane sai sun doshi shekara goma kafin su ga baƙa.

Ka ce wa ɗan shekara 17 ya jira shekara biyu ba wata alama, ka ga ko zai dawo.

5/
To amma ga abin da yaran ba su sani ba. Igiyar nan ba ta da wata ƙa'ida guda. Wani malamin kwanakin zuwanka yake ƙirgawa. Wani sai ya ga ka iya wasu kamu. Wani ladabinka yake dubawa. Wani kuma sam ba ya bayarwa, sai dai wata rana ka ji an ce cire ɗamararka ga sabuwa.

A gasa ma ba a kallonta. Launin ɗamara da nauyi da shekaru ake bi. Mai igiya huɗu da wanda ba shi da ko ɗaya rukuninsu ɗaya.

6/
Wato magana ce tsakanin malami da ɗalibinsa: na gan ka, ci gaba. In ka fita daga ƙofar kulob ɗinku darajarta ta ragu da rabi.

Yanzu bari mu koma baya, don abin ba shi da tsufan da ake zato.

7/
Mutumin da ya kawo ɗamara cikin wasan kokawa sunansa Kano. Wallahi ba wasa nake ba. Jigoro Kano, mutumin Japan, an haife shi a 1860. Babu abin da ya haɗa shi da Kanon Dabo sai suna. Malamin makaranta ne, kuma tunanin malamin makaranta ya kawo cikin harkar.

A 1882 ya buɗe makarantarsa Kodokan a wani ɗaki na gidan ibada a Tokiyo, faɗinsa tabarma 12. Nan judo ya fara.

8/
Kafin shi, makarantun faɗa na Japan takarda suke bayarwa. Ka yi shekaru kana koyo, malami ya rubuta maka shaida a naɗaɗɗiyar takarda, ka kai gida ka adana. Kamar dai ijaza a wurin malamanmu na zaure. A jikinka ba a ganin komai.

Kano sai ya aro tsarin matakai daga wani wasan dara nasu da ake kira go, inda tun ƙarni na 17 ake jera gwanaye hawa-hawa. A 1883 ya ba ɗalibansa biyu, Tomita Tsunejiro da Saigo Shiro, matakin farko.

9/
Ko a lokacin ba ɗamara. Sai bayan 'yan shekaru masu mataki suka fara ɗaura baƙa don a bambanta su da sababbi. Fara da baƙa, shi ke nan. Rigar judo da siririyar ɗamarar da muka sani yau sai wajen 1907 suka daidaita.

Labarin nan da ake yawo da shi, wai da can farar ɗamara ce ba a wankewa har dauɗa ta mayar da ita baƙa, tatsuniya ce. Wanda ya san tsaftar mutanen Japan ba zai saye shi ba.

10/
Launuka a Turai suka yaɗu. Wani malamin judo, Mikinosuke Kawaishi, ya sauka Faris a 1935. Ya lura Bature ba zai yi shekaru da farar ɗamara yana jiran ranar da ba a sa masa ba. Sai ya jera musu rawaya, ruwan lemo, kore, shuɗi, ruwan ƙasa. A Landan an riga an gwada irin haka, amma ta hannunsa abin ya bazu.

Kun ga ke nan ƙorafin ɗan yayata ba sabo ba ne. Gajen haƙurin Turawan Faransa ne ya yaɗa launukan.

11/
Sai Burazil. Wani ɗalibin Kodokan, Mitsuyo Maeda, ya yi ta yawon duniya yana kokawar kuɗi har ya isa can a 1914, ya zauna a garin Belem. Ta wajensa Carlos Gracie ya fara koyo, shi da 'yan uwansa suka buɗe makaranta a Rio a 1925. Suka fi ba da ƙarfi ga kokawar ƙasa, wato abin da ke faruwa bayan an faɗi: shaƙewa da murɗe gaɓa har mutum ya buga tabarma ya ce ya sallama.

12/
Tsarin ɗamarar da suke bi yanzu a 1967 aka tsayar da shi, lokacin da aka kafa ƙungiyar wasan ta jihar Guanabara. Ku lissafa. Nijeriya ta girme shi da shekara bakwai. Akwai dattawa a unguwarmu da sun yi aure kafin a san shi.

Duniya kuma ba ta waiwayi wasan sosai ba sai 1993, da Royce Gracie, siriri da shi, ya cinye gasar UFC ta farko a Amurka.

13/
Wani abin mamaki: da ka kai baƙar ɗamara, igiya sai ta canja ma'ana. Ƙyallen bakin ɗamarar ya koma ja, igiyar kuma ta koma lissafin shekaru. Uku na farko, shekara uku-uku. Uku na gaba, biyar-biyar. Sai ka ƙara bakwai kafin ka sami ta bakwai, ranar da ɗamarar za ta koma ja da baƙi.

Shekara 31 ke nan kana riƙe da baƙa. Ja zalla kuwa, mataki na tara, sai an shekara 48.

14/
Shi kuwa Helio Gracie, ƙanin Carlos, wanda yake cikin 'yan ƙalilan da aka ba mataki na goma, da ya tsufa sai ya ajiye jar ɗamararsa ya koma ɗaura shuɗiya irin wadda malaman makarantarsu suke ɗaurawa a da. Bai ji daɗin yadda ake rabon ɗamara ba. Ya rasu a 2009 yana da shekara 95.

15/
Kuma ba kowace alama ce ta girmamawa ba. A Japan shekaru da yawa mace in ta kai baƙar ɗamara sai a ba ta mai farin layi a tsakiya, daga baki zuwa baki, don a nuna tata daban take da ta maza. Hukumar judo ta duniya ta hana wannan a gasanninta a 1999. Ta Japan ba ta bari ba sai 2017. Kafin nan, matan da suka ciyo wa ƙasar zinare a gasar Olamfik, in sun dawo gida da mai layin suke shiga gasa.

16/
To mu dawo gida. Mu da muke kokawa da dambe tun kafin a haifi kakan Jigoro Kano, da me muke gane matsayin mutum? Ɗamara dai ba mu da ita a wannan ma'anar, ko da yake kalmar tamu ce, kowa ya san "ɗaura ɗamara".

17/
Akwai wani Bature, Hugh Clapperton, da ya shigo birnin nan a Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya ji labarin 'yan damben Hausa, ya sa wuri 2,000 a zo a yi a ƙofar masaukinsa. Ya rubuta abin da ya gani, aka buga a littafi a 1826.

Ya ce sun zo da makaɗa, mahautan gari kaf suna biye. Mai kula da fili ya riƙa watsa wa 'yan kallo ƙasa don su ja baya a sami da'ira.

18/
Abin da ya fi jan hankalina a bayaninsa: kafin a fara, kowane ɗan dambe sai ya fito tsakiya shi kaɗai, daga shi sai warki, ya nuna damatsansa, ya zagaya yana kiran kansa kura, yana kiran kansa zaki, yana cewa ba mai tsaya masa. Kirari ke nan, shekara 200 da suka wuce, a cikin ganuwar nan.

Baturen ya ga naɗin hannu, ya ga ganga, ya ga kirari. Bai ambaci wata alama a jiki da ke nuna wannan ya fi wancan ba.

19/
Na san dambe daban, kokawa daban, kada 'yan gyara su taso min. Dambe na mahauta ne a asali, kokawa ta manoma ce, da kaka, bayan amfani ya zo gida. Amma yadda ake hawa matsayi a cikinsu kusan ɗaya ne.

Kuma kada ku ɗauka kokawa sai ƙauye. Ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu ba gidaje kawai ta zagaye ba. Har da gonaki da fili fetal. Barth da ya zo a 1851 ya ga haka. Inda kuke ganin gidajen bulo yanzu wajen Goron Dutse, da gero ake shukawa.

20/
Abin da zan faɗa daga nan daga bakin kakana na wajen uwa na ji shi, Allah ya jiƙansa. Baba Tsoho muke ce masa. Ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa a ƙauyensu kafin ya shigo birni ya kama sana'ar fata. Ina yaro in na tsokane shi na ce zan kayar da shi, sai ya ce, "Kai da ko take ba ka da shi?"

Na daɗe ban gane zagin ba.

21/
Ya ce yaro in ya fara, da rana tsaka ake sa shi, lokacin da rabin 'yan kallo ba su iso ba, masu tallan gyaɗa ma ba su gama zama ba. Manya sai rana ta yi sanyi. Don haka alamarka ta farko ita ce inuwa. In bara ka yi wasa inuwar bishiya tana gindinta, bana kuma sai da ta miƙe ta rufe rabin fili aka kira ka, to ka san an ƙara maka.

Ba wanda zai sanar da kai. Kai za ka duba ƙasa ka gani.

22/
Ta biyu, ganga. Sabon shiga ba shi da take. Da taken ubangidansa yake shiga fili, kamar yaron da ya ari rigar wansa ranar sallah. Ya ce shi sai da ya yi kaka uku a haka.

Rannan ya kayar da wani da ake ji da shi a ƙauyen gaba. Washegari yana shigowa sai ya ji kiɗan ya canja, maroƙi ya ambaci sunansa da na babansa. Ya ce ƙafarsa sai da ta yi rawa, ya kusa faɗuwa ba wanda ya taɓa shi.

23/
Duk lokacin da ya zo nan a labarin sai ya yi shiru, ya ɗan kaɗa yatsa a gwiwa. Ya kai shekara tamanin amma taken yana nan a yatsunsa. Ban taɓa ganin takardar shaidar da ta zauna wa mutum haka ba, har da tawa ta jami'a da ke cikin akwati.

24/
Ta uku, wanda ya yarda ya kama da kai. Ba ka isa ka tashi kawai ka nufi babban ɗan wasa ba. In ka miƙa masa hannu, ko kallonka ba zai yi ba, sai ya yafito ɗaya daga cikin yaransa. Ka kayar da wannan, a turo maka na gaba da shi. Yaran ubangida su ne matakalar.

Ranar da babban da kansa ya miƙe ya karkaɗe warkinsa saboda kai, ko ya kayar da kai ka ci riba. Gari ya ga ya tashi.

25/
Ta huɗu ita ce ta fi kama da filastar ɗan yayata. Ubangida ya kwance kambu ko laya daga damtsensa ya ɗaura maka da hannunsa. Ba wa'azi na zo yi ba, malamai sun yi magana a kan layu kuma kowa ya ji. Abin da nake nunawa shi ne ɗaurin: a gaban mutane, daga jikinsa zuwa naka. Baba Tsoho ya ce yaron da ya je ya sayo nasa a kasuwa ya ɗaura, kowa ya sani, dariya kawai ake yi masa.

26/
A dambe kuwa har yau alamar tana cikin suna. Ku saurari sunayen da ake kira a gidan damben Ado Bayero Square da ke Sabon Gari: Garkuwan Cindo, Autan Sikido, Bahagon Sanin Kurna. Rabin sunan naka, rabi na wanda ya rene ka. Shagon wane, Autan wane, Dogon wane.

'Yan jiu-jitsu suna alfahari da jero malaminsu da malamin malaminsu har zuwa Maeda. Namu a bakin mai sanarwa ake jin nasu kullum.

27/
Babban ƙarin girma kuma shi ne ranar da sunanka ya koma wutsiyar sunan wani. Ka shigo a matsayin Shagon wane, wata rana a wayi gari ana kiran wani yaro Shagonka. Ba biki, ba takarda.

In kuma Allah ya haɗa ka da mawaƙi, shi ke nan. Shago ya daɗe da barin duniya, amma saboda Ɗan Anace yaran da ba su taɓa ganin hotonsa ba sun san sunansa.

28/
Inda kokawarmu ta sami alamar da ake riƙewa a hannu shi ne Nijar. A 1975, zamanin Seyni Kountché, aka fara gasar ƙasa a Tawa, Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Yanzu jihohi takwas kowace tana kawo mutum goma, 'yan kokawa 80, takobi ɗaya.

Filin kokawar Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso kuma Salma Ɗan Rani. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobin har sau shida.

29/
Amma ku lura, takobin ba naka ba ne har abada a matsayin sarauta. Baɗi sai ka dawo ka shiga cikin tamanin ɗin. Wani yaro da ba a san shi ba zai iya sa gwiwarka a ƙasa a ranar farko, rediyo ta kai labarin har Agadas kafin ka karkaɗe jikinka.

Nan ne babban bambancin. Ɗamara da igiya in an ba ka sun zauna. Ko ka shekara biyar ba ka taka tabarma ba, ka yi tumbi, shuɗiyarka tana nan. Matsayin fili kuwa haya ne, kowace kaka sai ka sake biya.

30/
Abin dariya, a Japan ɗin ma tsohuwar kokawarsu, sumo, irin tamu ce. Gasa shida a shekara, kowace kwana 15. A manyan rukunai in ka ci takwas ka hau, in ka kasa ka sauka. Ana fitar da takardar jerin suna kafin kowace gasa, manya da manyan baƙaƙe, ƙanana da rubutu sirit kamar ƙafar tururuwa.

Mutum ɗaya ne ba a saukewa, yokozuna, mai ɗaura farar igiya mai kauri a ƙugu. Shi kuma in ƙarfi ya ƙare ba saukowa, sai dai ya bar wasan.

31/
To wanne ya fi? Na daɗe ina ɗaukan ɓangaren kakana. Fili ba ya ƙarya, ba a sayen take a kemis, ba kuma malamin da zai ce kawo kuɗin jarrabawa kafin a ƙara maka inuwa. Kuma kada mu yaudari juna, akwai wuraren da ɗamara da igiya suka zama hanyar karɓar kuɗin iyaye, a nan da ƙasashen waje.

32/
Amma da na girma sai na tuna wani abu da Baba Tsoho yake faɗa a gurguje ya wuce. Su goma sha wani abu suka fara a wurin ubangidansu. Biyu ne suka sami take. Sauran fa? "Sun koma gona."

A cikinsu akwai wanda kullum yana zuwa, kullum ana kayar da shi, kuma kullum yana ɗan ƙara iyawa. Fili ba shi da abin da zai ba wannan yaron. Ganga ba ta san "ya fi jiya" ba, wanda ya yi kaye kawai ta sani.

33/
Wannan gurbin 'yar filastar nan take cikewa. Malami ne kaɗai ya san wata uku baya cikin daƙiƙa ashirin ake shaƙe ka, yau kuma ka kai minti biyu kafin ka buga tabarma. A idon 'yan kallo duk faɗuwa ce. Shi ya ga bambancin.

34/
Kuma mu 'yan cikin gari bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san manyan matakai: kolo, titibiri, gardi, har zuwa alaramma da gwani. Tsakaninsu shekaru ne. Me yake riƙe yaro a tsakani?

"Je ka wanke."

35/
Ka biya allonka, malam ya saurara, ya ce je ka wanke a ɗora maka. Ko ya ce koma, bai zauna ba. Ba jadawali, ba ranar da aka sa. Wani ya wanke kullum, wani ya kwana huɗu a kan rubutu ɗaya yana kallon abokinsa yana wucewa. In ka kai wasu surori a gida a yi 'yar sadaka.

Kuma dukkanmu mun san yaron da ya taɓa laɓewa ya wanke allonsa ba a ce masa ba. Mun kuma san yadda ta ƙare da aka ce ya biya na baya.

36/
Wannan misalin na ba ɗan yayata, don shi ma ya yi allo a zauren unguwarmu. Ya yi tsuru-tsuru. Ya ce, "Kawu don Allah kar ka gaya wa Malam."

Na ce ba sai na gaya masa ba, duba waɗanda suka kalli hoton. Ya duba. Sunan malamin ne na huɗu.

37/
Ranar Litinin ya tafi kamar wanda za a kai kotu, ya ɓare filastar tun a gida. Na bi shi, gaskiya don gulma.

A wurinsu in za a fara ana yin sahu ne bisa matsayi, manya a dama, sababbi a can ƙarshe. Ya je ƙarshe ya tsaya. Malamin ya dube shi ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, ina igiyoyin naka?" Ya ciro filasta daga jakarsa ya miƙa masa. "Mayar da su. Ka dawo nan kusa da 'yan uwanka masu biyu."

38/
Bai yi masa faɗa ba ko kalma ɗaya. Da aka zo kamawa sai ya haɗa shi da masu igiya biyu, su uku, ɗaya bayan ɗaya, minti biyar-biyar. Na fara ƙirga sau nawa ya buga tabarma, da na kai tara na bari, don abin ya fara ba ni tausayi. Na ƙarshen ma yaro ne da bai kai shi jiki ba.

39/
Da aka tashi malamin ya kira shi gefe. Ina jin su. Ya ce masa, "Ka san me ya sa ban ba ka ba? Ƙarfi gare ka, shi ya sa ba ka koyon fita daga ƙasa, ture mutum kawai kake yi. Abokinka ba shi da ƙarfin, dole ta sa ya koya. Yau ka ga inda ƙarfin ya tsaya."

Sannan ya ce filastar ya ga dama ya bar ta, ya ga dama ya cire, shi ba zai taɓa ta ba.

40/
A adaidaita sahu muna dawowa ta Ƙofar Nasarawa ya ɓare ta da haƙori ya jefar. Sai dai gam ɗin ya bar sawu biyu a kan baƙin ƙyallen, fari-fari, ana gani daga nesa. Ya goga da ruwan zafi, ya goga da kananzir, har uwarsa ta ce ya fitar mata da abin nan daga ɗaki yana wari.

41/
Jiya Laraba ya koma. Ɗamarar tana shanye a igiyar tsakar gida yanzu haka, sawun bai gama fita ba. Ya ce Malam ya sa shi kwana talatin ba zai fara kamawa daga sama ba, kullum daga ƙasa, a danne.

Masu tambaya a ina kulob ɗin yake, ku yi haƙuri, yaron ya roƙe ni kada na faɗa.